Wa Ke da Laifi, Mutum Ko Ƙabilarsa?

Idan aka kawo ƙara gaban alƙali, abin da ya kan fara tambaya shi ne, wa ya yi, me ya yi, wa ya gani? Ba ruwansa da garin da aka haifi kakan wanda a ke tuhuma. In ɓarawo ya tsere, ba a ɗaure maƙwabcinsa don sun haɗa unguwa, ba a kuwa yanke wa ƙanensa hukunci don suna kama. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, kowace shari'a ta gaskiya a kanta ta tsaya. Littattafan addini kuma, na Musulmi da na Kirista da na Yahudawa, duk sun haɗu a kan cewa kowa da aikinsa za a kama shi.

Amma abin mamaki, mutumin da zai yi fushi in alƙali ya karya wannan ƙa'ida, shi da kansa ya kan karya ta a zaure ko a kasuwa, bai ko lura ba. Sai a ji ya ce mutanen gari kaza duk macuta ne, ƙabila kaza duk maƙetata ne. To, shin akwai halin da ya halatta a ƙi mutum saboda jama'ar da ya fito cikinta, ba tare da an duba abin da hannunsa ya aikata ba? Babu al'ummar da tarihinta ya fi ba da amsar wannan tambaya kamar Yahudawa. Ga shi kuwa a 'yan shekarun nan ƙiyayyar da a ke yi musu ta sake tasowa a ƙasashen Turai da Amurka. Za a fi mai da hankali ga ƙasar Faransa, gama ita ce ta fi kowace ƙasa ta Turai yawan Yahudawa a yau.

Baƙi a ƙasashen mutane

A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, sojojin Rum suka ci birnin Ƙudus, suka rushe Haikalin Yahudawa. Tun kafin wannan akwai Yahudawa a Misira da Bagadaza ta da, watau ƙasar Babila, amma daga nan watsuwarsu ta ƙaru, har ya zamana kusan ko'ina su ke su ne 'yan tsiraru, masu addini dabam, da abinci dabam, da ranar hutu dabam.

A ƙasashen Musulmi galibi sun fi samun sauƙi. Suna biyan jiziya, a bar su da addininsu, har waɗansu suka ɗaukaka. Babban malaminsu Musa ɗan Maimuna likita ne a fadar Misira zamanin Salahuddini. Duk da haka can ma an sami lokatai na tsanani, gama shi kansa wannan malami gudu iyayensa suka yi da shi daga birnin Ƙurɗuba sa'ad da masu mulki suka matsa wa waɗanda ba Musulmi ba.

Yau Yahudawan duniya duka ba su cika miliyan 16 ba. Kusan rabinsu suna Isra'ila, mafi yawan sauran suna Amurka. Na Faransa sun kai wajen 440,000, watau ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar ba. Da yawansu 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka ƙauro daga Aljeriya da Maroko da Tunisiya tsakanin 1950 da 1970.

Yadda ƙarya ta ke samun gindin zama

A shekara ta 1348 wata muguwar annoba ta faɗa wa Turai, ta kashe kamar mutum ɗaya cikin uku. A zamanin nan ba wanda ya san cewa ƙwayar cutar tana jikin ƙuma, ƙuma kuwa tana jikin ɓera. Mutane suna mutuwa, ba su san dalili ba, zuciya kuwa ba ta son musiba marar dalili. Sai aka baza labari wai Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi. Paparoma na lokacin, Clement na Shida, ya fitar da takarda ya ce wannan ƙarya ce, gama annobar tana kashe Yahudawa kamar kowa, tana kuma ɓarna har a garuruwan da babu Bayahude ko ɗaya. Ba a saurare shi ba. A watan Fabrairu na 1349 mutanen birnin Strasbourg suka tara ɗaruruwan Yahudawan garin suka ƙone su da rai. Sa'an nan aka soke basussukan da su ke bin mutane, aka rarraba dukiyarsu. Annobar ba ta ma iso birnin ba tukuna. Bayan 'yan watanni ta iso, ta yi aikinta kamar yadda ta yi ko'ina.

Maganar bashin nan tana da tushe da ya kamata a sani. A Turai ta wancan zamani, a wurare da yawa an hana Bayahude mallakar gona, an hana shi shiga ƙungiyoyin masu sana'a. Ikilisiya kuma ta hana Kirista ba da rance da ruwa. Sarakuna suna bukatar masu ba da rance, sai suka bar wa Yahudawa wannan ƙofa, suna karɓar haraji mai nauyi daga gare su. Da haka talaka ya riƙa ganin Bayahude ranar biyan bashi, bai ga sarkin da ke bayansa ba. In kuwa baitulmali ya yi ƙasa, hanya mai sauƙi ita ce korar su. Sarkin Ingila ya kore su a 1290. Sarkin Faransa ya kore su a 1306, ya ƙwace dukiyarsu, ya kuma ci gaba da karɓar basussukan don kansa. Sarakunan Sifen suka kore su a 1492, Sarkin Turkawa Bayazidu na Biyu ya buɗe wa da yawansu ƙofar ƙasarsa.

Mai lura zai ga tafarki ɗaya a cikin wannan duka. An rufe wa mutum kowace ƙofa sai ɗaya, sa'an nan aka zarge shi don ya bi ta. An tilasta masa zama a unguwa guda mai ƙofa, kamar yadda aka yi a birnin Venice a 1516, sa'an nan aka ce ba ya son cuɗanya da mutane. Zargin kuma ya yi tafiya ya wuce masu shi, har ya kai ga ƙasashen da mutane ba su taɓa ganin Bayahude da ido ba, amma sunansa ya zama abin zagi a bakinsu.

Shari'ar Kyaftin Dreyfus

A 1791 Faransa ta ba Yahudawanta cikakken 'yancin 'yan ƙasa. Mutane da yawa suka zaci magana ta ƙare. Bayan shekara ɗari sai ga abin da ya nuna ba ta ƙare ba.

A 1894 wata mai shara a ofishin jakadan Jamus da ke Faris, wadda ta ke yi wa sojan Faransa aiki a ɓoye, ta tsinci wata yagaggiyar takarda a kwandon shara. Takardar ta nuna akwai wani hafsan Faransa da ke sayar wa Jamus asirin soja. Aka duba cikin hafsoshi, ido ya faɗa kan Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahude. Ba shi da bashi, ba shi da bukatar kuɗi, iyayensa kuma su ne suka zaɓi zama Faransawa sa'ad da Jamus ta ƙwace yankinsu na Alsace a 1871. Aka yi masa shari'a a asirce, aka nuna wa alƙalai waɗansu takardu da shi da lauyansa ba su gani ba. A watan Janairu na 1895 aka fito da shi gaban sojoji, aka tsinke alamun muƙaminsa, aka karya takobinsa. Yana cewa ba shi da laifi, taron jama'a a bayan shinge suna kururuwar a kashe Yahudawa. Aka kai shi wani tsibiri mai zafi a gaɓar Amurka ta Kudu, ya yi shekara huɗu da 'yan watanni a tsare shi kaɗai.

A 1896 sabon shugaban ofishin leƙen asiri, Kanar Georges Picquart, ya gano cewa rubutun takardar na wani hafsa ne dabam, Manjo Esterhazy, mutumin da bashi ya yi wa katutu. Abin lura a nan shi ne, Picquart ba mai son Yahudawa ba ne, ya tashi da irin ra'ayin da hafsoshin zamaninsa su ke da shi. Amma ya ga hujja, bai iya rufe ido ba. Ya kai wa manyansa, suka ce ya yi shiru. Da ya ƙi, aka tura shi Tunisiya, daga baya aka tsare shi. Wani hafsa, Henry, har ya ƙirƙiro takardar jabu don a ƙarfafa zargin. Kotun soja ta wanke Esterhazy a watan Janairu na 1898. Bayan kwana biyu mashahurin marubuci Emile Zola ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban ƙasa a jarida, ya ambaci sunayen waɗanda suka ɓoye gaskiya. Aka yanke masa ɗaurin shekara guda, ya gudu Ingila. A garuruwa da yawa na Faransa da Aljeriya aka fasa kantunan Yahudawa.

Ƙarya fure ta ke, ba ta 'ya'ya. Asirin takardar jabu ya tonu, Henry ya kashe kansa, Esterhazy ya tsere. Duk da haka sai a 1906 babbar kotu ta wanke Dreyfus, aka mai da shi soja. Shekara goma sha biyu ke nan.

Me Faransa ta samu a cikin wannan? Ta ɗaure marar laifi, ta bar maci amana yana yawo da kayan soja. Ƙiyayya ta ba ta amsa tun kafin ta yi bincike, wanda ya riga ya sami amsa kuwa ba ya ƙara nema. Cikin 'yan jaridar da suka ga karya takobin nan akwai Theodor Herzl, wanda a 1896 ya rubuta littafi yana cewa Yahudawa ba za su zauna lafiya a Turai ba sai sun sami ƙasa tasu.

Daga takarda zuwa kabari

A 1903 aka buga wani ɗan littafi a Rasha, wai shi ne bayanin taron asiri da dattawan Yahudawa suka yi don su mallake duniya. A 1921 jaridar Times ta London ta nuna jabu ne. An kwashe sassa da yawa na littafin daga wani littafin Faransanci na 1864, wanda aka rubuta don sukar sarkin Faransa na lokacin, babu ko maganar Yahudawa a cikinsa. An sauya suna ne kurum. Amma tona asirin bai hana shi yaɗuwa ba. An juya shi cikin harsuna da yawa, har yau ana sayar da shi.

Hitler ya hau mulkin Jamus a 1933, ya ce Yahudawa ne suka jawo wa ƙasar shan kashi a yaƙin 1914 zuwa 1918, alhali kuwa Yahudawan Jamus kamar 12,000 sun mutu a yaƙin nan suna kare ta. A 1935 aka yi dokokin da suka raba su da 'yancin 'yan ƙasa. Dokokin ba su dubi abin da mutum ya gaskata ko ya aikata ba, kakanninsa a ke ƙirgawa. Ko ya bar addinin, ko bai taɓa shiga majami'a ba, ba abin da zai fisshe shi. A watan Nuwamba na 1938 aka ƙone majami'unsu a dare ɗaya a duk faɗin ƙasar. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, an kashe Yahudawa wajen miliyan 6, da harbi, da yunwa, da iskar guba. Har yau yawansu bai koma yadda ya ke a 1939 ba.

Faransa ma ta sa hannu. A ranakun 16 da 17 ga Yuli na 1942, 'yan sandan Faransa suka kame Yahudawa fiye da 13,000 a Faris, cikinsu yara fiye da 4,000, suka miƙa su ga Jamusawa. Jimlar waɗanda aka kwashe daga ƙasar ta kai wajen 75,000, kaɗan ƙwarai suka komo. Jikar Dreyfus guda tana cikin waɗanda suka mutu a sansanin Auschwitz. Sai a 1995 shugaba Jacques Chirac ya fito fili ya amsa cewa hukumar Faransa tana da alhaki.

Halin da a ke ciki a wannan zamani

Bayan yaƙin duniya ya yi, kunya ta rufe bakin masu ƙiyayya na ɗan lokaci. Amma tun daga shekara ta 2000 abin ya sake ɗago kai. A 2006 waɗansu 'yan iska suka sace wani saurayi mai aiki a kantin wayar hannu a Faris, suka azabtar da shi mako uku har ya mutu, don sun gaskata cewa kowane Bayahude mai kuɗi ne. A watan Maris na 2012 wani ɗan bindiga ya je wata makarantar Yahudawa a Toulouse, ya harbe malami ɗaya da yara uku. A watan Janairu na 2015 aka kashe mutum huɗu a wani kantin abincin Yahudawa a Faris. A 2018 aka kashe wata tsohuwa mai shekara 85 a ɗakinta, ita kuwa tana yarinya ta tsira daga kamen 1942. A wajen Faransa ma haka: mutum 11 aka kashe a wata majami'a a birnin Pittsburgh na Amurka a 2018, mutum 15 kuma a wurin wani bikin Yahudawa a bakin teku a birnin Sydney na Ostireliya a watan Disamba na 2025.

Hukumar Faransa ta ƙirga laifuffukan ƙin Yahudawa, watau zagi da barazana da duka da ɓarna, guda 436 a 2022. A 2023 suka zama 1,676, mafi yawansu cikin wata uku na ƙarshen shekara.

Masu wannan aiki ba daga gida ɗaya suka fito ba. Akwai Turawa masu ɗaukaka launin fata, waɗanda suka gaji ra'ayin Hitler. Akwai masu kisa da sunan Musulunci. Akwai kuma waɗanda fushinsu da gwamnatin Isra'ila ya yi ambaliya ya faɗa kan duk wanda a ke kira Bayahude. Intanet kuwa ta ba tsofaffin ƙarairayi sababbin ƙafafu, abin da da ya kan yi shekara kafin ya ƙetare teku, yanzu kafin a gama shan shayi ya zaga duniya.

Illar ba ta tsaya ga waɗanda aka kashe ba. A 2015 sai da Faransa ta baza sojoji 10,000 don gadin wurare, har da makarantun Yahudawa, yaro ɗan shekara biyar ya saba wucewa ta gaban bindiga kafin ya shiga aji. Magidanci ya kan cire 'yar hularsa ya sa aljihu kafin ya shiga jirgin ƙasa. Waɗansu sun cire ɗan abin nan mai kama da laya da su kan kafa a jikin ƙofa, don kada a gane gidan. Iyalai da yawa sun bar unguwannin da suka girma a ciki, sun cire 'ya'yansu daga makarantun gwamnati. A 2015 kaɗai kusan 8,000 suka ƙaura zuwa Isra'ila. A wani bincike da hukumar Tarayyar Turai ta yi a 2018 tsakanin Yahudawa fiye da 16,000 na ƙasashe 12, fiye da ɗaya cikin uku suka ce sun yi tunanin barin ƙasar haihuwarsu don tsoro.

To, ina batun Falasɗinawa?

A nan mai karatu zai iya cewa, duk an ji, amma ina wahalar Falasɗinawa? Tambaya ce mai nauyi, ba ta kamata a kauce mata ba. A 1948, da aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa kamar 700,000 suka rabu da gidajensu, waɗansu da gudu, waɗansu da kora. A ranar 7 ga Oktoba na 2023 mayaƙan Hamas suka kashe mutum wajen 1,200 a Isra'ila, suka tafi da kamar 250. Yaƙin da Isra'ila ta yi a Gaza bayan wannan ya kashe Falasɗinawa dubun dubata, da yawansu mata da yara, ya rushe gidaje da asibitoci, ya jefa jama'a cikin yunwa. Wanda zuciyarsa ta ƙuna saboda wannan bai yi laifi ba. Wanda ya soki gwamnatin Isra'ila da kakkausar murya, ko ya yi zanga-zanga, ko ya nemi a gurfanar da shugabanninta gaban kotu, yana kan ƙa'idar alƙali, gama yana tuhumar masu aiki a kan aikinsu. Waɗanda kuma su ke kiran kowane mai suka maƙiyin Yahudawa, su ma sun yi zalunci, sun kuma rage darajar kalmar ga ranar da za a bukace ta da gaske.

Amma yarinyar da aka harbe a makarantar Toulouse shekararta takwas. Ba ta da soja, ba ta da ƙuri'a. Tsohuwar Faris ba ta ba da umurnin jefa bom ba. Mai kanti a Marseille Bafaranse ne, gwamnatin da ya zaɓa tana Faris. Cikin Yahudawan duniya akwai masu goyon bayan gwamnatin Isra'ila, akwai masu tsananin adawa da ita, har da waɗanda suka yi zanga-zangar neman a tsai da yaƙin Gaza. Wanda ya jefi majami'a bai tambayi ra'ayin waɗanda ke ciki ba.

Ga ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya auna zuciyarsa da shi. Mai ƙin aiki, in aka bar aikin, ƙiyayyarsa ta ƙare. Mai ƙin asali kuwa babu abin da wanda ya ke ƙi zai yi ya tsira, gama ba wanda ya zaɓi iyayensa. Na farko yana neman gyara. Na biyu ba abin da zai gamsar da shi sai mutumin ya ɓace.

Akwai kuma abin da masu kai hari ba su lura da shi ba. Duk dutsen da aka jefi Bayahuden Faris da shi, yana gaskata maganar Herzl cewa ba shi da mazauni a Turai. Bai sāke wa Bafalasɗine ko bulo ɗaya na gidansa ba.

Abin da ya ci Doma

Hausawa su kan ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Wannan gaskiya ne ga gari, gama an niƙa shi ya zama abu guda. Mutane kuwa ba a niƙa su. Akwai azzalumai cikin Yahudawa, kamar yadda a ke da su cikin kowace al'umma, ko wannensu kuwa da sunansa da laifinsa. Wanda ya yarda a kama al'umma da laifin waɗansunta, ya sa hannu a kan dokar da za a karanta masa wata rana. Musulmin Amurka da Turai sun ɗanɗana wannan bayan harin 11 ga Satumba na 2001, sa'ad da aka riƙa zagin mata masu lulluɓi a titi saboda aikin mutum 19 da ba su taɓa gani ba. A watan Maris na 2019 wani Bature ya kashe masallata 51 a masallatai biyu a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand, da irin hujjar da makashin Pittsburgh ya kafa, wai baƙi za su cinye ƙasar Turawa. A watan Oktoba na wannan shekara wani ya je majami'ar birnin Halle a Jamus da bindiga, ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai ya harbe wata mai wucewa, ya zarce wani shagon abincin Turkawa ya kashe mutum a can. Makashin Toulouse ma, kafin ya je makaranta, sojoji uku ya fara harbewa, cikinsu akwai Musulmi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Waɗanda suka tsaya

Tarihin nan ba duhu ba ne gaba ɗaya. Kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Faransa sun tsira daga Hitler, da yawansu don waɗansu talakawa sun ɓoye su. Mutanen wani ƙauye mai suna Le Chambon, manoma ne matalauta, sun ɓoye dubbai a gidajensu da rumbunansu. A 1943 masunta da sauran mutanen Denmark suka ƙetarar da Yahudawa fiye da 7,000 zuwa Sweden cikin jiragen kamun kifi.

A zamanin nan ma haka. Ranar da aka kai hari kantin Faris a 2015, wani ma'aikacin kantin, Lassana Bathily, Musulmi ɗan ƙasar Mali, ya shigar da masu sayayya ɗakin sanyi na ƙarƙashin ƙasa, ya kashe injin da fitila, ya sulale waje ya kwatanta wa 'yan sanda yadda kantin ya ke. Latifa Ibn Ziaten, haifaffiyar Maroko, uwar sojan farko da makashin Toulouse ya harbe, ta kama yawon makarantu da gidajen kurkuku tana yi wa samari gargaɗi. Bayan kisan Pittsburgh Musulmin Amurka suka tara kuɗi don iyalan mamata, bayan kisan Christchurch kuma Yahudawan Pittsburgh suka tara wa Musulmi.

Ba kowa ne zai sami kansa a irin wannan rana ba. Amma kowa ya kan sami kansa a zauren da a ke zagin wata ƙabila, ko a kawo masa takarda, ko a aiko masa da labari a waya. A nan wanda ya koyi karatu yana da nauyi fiye da wanda bai koya ba, gama shi a kan miƙa wa takarda a ce ya karanta wa jama'a, abin da ya fito daga bakinsa kuma a kan ɗauke shi da daraja. Sai ya tuna cewa injin buga littafi ba ya rantsuwa, abin da aka ba shi ya ke bugawa, kamar yadda ya buga littafin jabu na 1903. In aka ce jama'a kaza sun aikata abu kaza, ya yi tambayoyin alƙali: wane ne a cikinsu, yaushe, a ina, wa ya gani, wa kuma zai ci riba in an gaskata? Mutanen Strasbourg da sun yi tambaya ta ƙarshen nan, da sun ga masu bashi a gaban taron.

Amsar tambayar da aka fara da ita ke nan. Ana kama mutum da abin da ya yi, ana yaba masa da abin da ya yi, Bayahude ne ko Balarabe, baƙo ne ko ɗan gari. Picquart bai sauya ra'ayinsa game da Yahudawa a dare ɗaya ba, amma da ya ga rubutun ba na Dreyfus ba ne, ya faɗa, ya kuwa sha wuya a kai. Wannan gwargwado na adalci ba ya fi ƙarfin kowa.